Matan da suka ƙi shan shayin Ingila: tambayoyi da amsoshi kan yadda masu zane suka nuna su

Tsakanin 1765 da 1775, kafin a harba harsashin farko na yaƙin neman 'yancin Amurka, mazauna yankuna goma sha uku da Birtaniya ke mulka a can sun yi faɗa da uwar ƙasa ta hanyar ƙin sayen kayanta. Mata na tsakiyar wannan faɗa. Amma wanda ya duba zane-zanen siyasa na lokacin zai ga kamar wani labari dabam ake ba shi.

Wace ƙauracewa ake nufi, kuma me ya jawo ta?

Sau uku aka yi ta. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Shekara Bakwai a 1763 da nasara da kuma bashi har wuya, sai Majalisar Dokoki ta Landan ta ga ya kamata yankunan Amurka su ɗauki wani kaso na nauyin. A 1765 aka kafa Dokar Hatimi, wadda ta ɗora haraji a kan jaridu da takardun kotu har da katin karta. 'Yan kasuwar Niyok da Filadelfiya da Boston suka daina odar kaya daga Ingila, aka soke dokar a Maris ɗin 1766. A 1767 dokokin Townshend suka zo da haraji a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da shayi. Aka sake ƙauracewa, aka janye harajin a 1770, sai dai na shayi da aka bari da gangan, kwabo uku a kan kowace laba, don kada a ce Majalisa ta sauka daga ikonta.

Ta uku ita ce mai zafi. Bayan an zubar da akwatunan shayi 342 a tashar jiragen ruwa ta Boston a daren 16 ga Disamba 1773, Landan ta rufe tashar. Wakilan yankunan suka taru a Filadelfiya, a watan Oktoba 1774 suka ƙulla yarjejeniyar daina shigo da kayan Birtaniya daga 1 ga Disamba.

Kukansu ɗaya ne tun farko: ba su da wakili a Majalisar da ke yanka musu haraji.

To me ya kawo mata cikin rigimar 'yan kasuwa da 'yan majalisa?

Ɗan kasuwa zai iya sa hannu ya ce ba zai shigo da yadi ba, amma idan uwargida ta ce sai yadin Ingila za ta ɗinka wa 'ya'yanta, wani ɗan kasuwar zai shigo da shi ta bayan fage. Cefane, ɗinki, abin da za a ba baƙo ya sha, duk a hannun mata suke. Kayan da ake so a ƙaurace musu kuwa su ne kayan ɗaki da na tebur.

Shugabannin gwagwarmayar sun san haka, ba su ma ɓoye ba. Christopher Gadsden na Karolina ta Kudu ya faɗa a fili a 1769 cewa in ba a shawo kan matan aure ba, shirin ba zai je ko'ina ba. Abin mamakin shi ne a dokar Ingila ta lokacin matar aure ba ta da wata dukiya tata a idon shari'a, ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, balle ta jefa ƙuri'a. Wadda doka ba ta ƙirga ba, ita aka wayi gari ana roƙo. Hannah Griffitts, wata marubuciyar waƙoƙi 'yar Filadelfiya, ta taɓo wannan a wata waƙarta ta 1768, inda ta nuna cewa ko da ba a ba mata murya ba, suna da ikon su ce a'a.

A aikace me suka yi?

Abu biyu ne manya: kaɗi da barin shayi.

Kaɗin ya zama abin kallo. Mata kan ɗauko kekunan kaɗinsu su taru a gida guda, galibi gidan fasto, tun safe har yamma suna kaɗa zaren ulu da na lilin. A Providence a 1766 'yan mata goma sha takwas sun yi irin wannan zama a gidan wani likita, Ephraim Bowen. Jaridu suka riƙa buga labarin tarukan, da yawan matan da yawan zaren da suka kaɗa, suna kiransu 'Ya'yan 'Yanci Mata. Saƙar gida, wadda a da ake ganin tufar talaka ce, ta zama abin taƙama, har ɗaliban Harvard da suka gama a 1768 da ita suka fito bikin yaye su. Masana tarihi sun lura cewa da yawa daga cikin tarukan nan gauraye suke da ibada da taimaka wa iyalin fasto, 'yan jarida ne suka ƙara musu gishirin siyasa. Duk da haka zaren ya kaɗu.

Shayi kuwa, a farkon 1770 matan gida fiye da ɗari uku a Boston sun sa hannu cewa sun bar shi. Aka koma dafa ganyayen lambu da na daji ana sha a madadinsa. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya rubuta wa matarsa Abigail a watan Yuli 1774 yadda ya sauka a wani masauki a Falmouth a gajiye bayan doguwar tafiya, ya tambayi matar gidan ko zai sami shayi, muddin na fasa-ƙwauri ne wanda ba a biya wa haraji ba. Ta ce masa su kam sun bar shayi gaba ɗaya a nan, sai dai ta dafa masa kofi. Haka ya haƙura ya sha. Babban lauya, wakilin jama'a, matar masauki ce ta tuna masa da alkawarin.

Me ya faru a Edenton da ake yawan ambata?

Edenton ƙaramin gari ne na bakin ruwa a Karolina ta Arewa. A ranar 25 ga Oktoba 1774 mata hamsin da ɗaya suka sa hannu a wata takarda, suna goyon bayan shawarar da wakilan yankinsu suka yanke a New Bern a watan Agusta. Labarin da aka gada a garin ya ce Penelope Barker ce ta haɗa taron. Mijinta Thomas Barker yana Landan shekara da shekaru a matsayin wakilin yankin, ita ke riƙe da gida da gonaki.

Abin da ya bambanta su shi ne sunaye. Mazan da suka zubar da shayi a Boston da dare suka je, sun shafa baƙi a fuska, sun yi shigar 'yan asalin ƙasar don kada a gane su. Matan Edenton kuwa kowacce sunanta ta rubuta, aka buga a jaridar Virginia Gazette a watan Nuwamba, sannan a wata jaridar Landan a Janairun 1775. Wani mazaunin Landan, Arthur Iredell, ya gani ya rubuta wa ɗan'uwansa James da ke Edenton yana tsokana, yana tambaya ko a can ma an kafa majalisar mata ne. Irin dariyar da mai zane ya ɗauko ke nan ya mayar da ita hoto.

Me ke cikin shahararren zanen nan na matan Edenton?

An buga shi a Landan ranar 25 ga Maris 1775, da take mai ma'anar "Ƙungiyar Mata Masu Kishin Ƙasa a Edenton". Ya kamata a bi shi kusurwa kusurwa, domin babu abin da aka sa a banza.

Ɗaki ne cike da mata sun kewaye tebur. A hannun dama shugabar taron na zaune riƙe da gudumar katako irin ta alƙalai, an yi mata fuskar namiji, ƙaton hanci, ba ko ɗigon kyau. Masu nazari da dama na ganin fuskar Lord North ce, Firaministan Birtaniya na lokacin, aka ɗora mata. A tsakiya wata budurwa ce ta ci ado, alƙalami a hannu za ta sa hannu, amma ta karkata kai wajen wani namiji da ya rungumo ta. Hankalinta ba ya kan takardar. Wata kuma ta duƙa kan tebur tana rubutu, an zana ta yadda mai kallo zai fara ganin bayanta kafin fuskarta. Can baya, wata ta kafa kai a ƙaton kwanon barasa, wato an bar shayi an koma abin da ya fi shi. Kusa da ƙofa wasu na juye ganyen shayi daga gwangwanaye cikin hulunan wasu maza.

Sai ƙarƙashin tebur, inda mai zanen ya ajiye babbar tuhumarsa. Ƙaramin yaro ne zaune a ƙasa, ba mai kula da shi. Kare na lasar fuskarsa, yana kuma ɗaga ƙafa yana fitsari a kan gwangwanin shayi.

Saƙon bai buƙatar tafinta. Mace in ta shiga siyasa, a ganin zanen, ko dai ta koma namiji, ko ta zubar da mutuncinta, ko ta yi sakaci da 'ya'yanta. Ba a tsaya musun hujjarsu a kan haraji ba, halinsu aka kai wa hari. A ganina wannan ita ce shaidar da ta fi ƙarfi cewa takardar ta yi zafi. Mai shago a Landan ba zai kashe kuɗin farantin tagulla da ladan mai sassaƙa a kan matan wani ƙauye da ke bayan teku ba, in da ba a maganarsu a gari.

Kalmomin da ke jikin takardar cikin zanen, nasu ne?

A'a, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A zanen, takardar na cewa matan sun yi alkawarin barin muguwar al'adar shan shayi da sa tufafin Ingila har sai an soke dokokin da ke neman bautar da ƙasarsu. Takardar gaskiya ba ta ambaci shayi ba ko sau ɗaya. Maganar shayi da yadi tana cikin wasiƙar da ta raka takardar zuwa jarida. Abin da matan suka sa wa hannu ya fi haka nauyi: sun ce ba za su iya zama 'yan kallo ba a kan abin da ya shafi zaman lafiyar ƙasarsu, kuma goyon bayan nan haƙƙi ne a kansu, saboda danginsu maza da suka amince da shawarar da kuma saboda su kansu.

Wannan "su kansu" ɗin shi mai zanen ya goge. Ya mayar da magana ta 'yan ƙasa ta koma hirar butar shayi. Har yau sunan da aka fi sanin taron da shi, wato liyafar shayi ta Edenton, yana bin zanen ne fiye da takardar.

Akwai wata baƙar fata a zanen. Me take yi a wurin?

Tana tsaye bayan shugabar taron riƙe da faranti mai kurtun tawada da alƙalami. Baiwa ce. Masu kallo a Landan sun gane habaicin nan take: ga masu kukan za a bautar da su saboda kwabo uku, ga kuma wadda suka bautar da gaske tana miƙa musu tawadar rubuta koken. Marubucin Ingila Samuel Johnson ya yi irin wannan gori a wata ƙasidarsa ta 1775, yana tambayar yadda aka yi masu tuƙa bayi suka fi kowa ihun 'yanci.

A wannan gaɓa dai zagin ya faɗi gaskiya. Gidajen manyan Edenton, har da na Barker, suna da bayi. A yankunan kudu kuma, wani kaso mai yawa na saƙar gidan da ake alfahari da ita bayi mata ne suka kaɗa suka saƙa. Sunayensu ba sa cikin hamsin da ɗayan nan. Kada kuma a ɗauka mai zanen tausayinta ya ji. Sanda ce ya ɗauka ya doki iyayen gijinta da ita.

Wa ya zana shi, su wa ke saye?

Ana danganta shi ga Philip Dawe, kamfanin Robert Sayer da John Bennett da ke titin Fleet ne ya buga. Dabarar bugun ita ce wadda ake kira mezotint: a kankare fuskar farantin tagulla gaba ɗaya har ta yi kaushi ta riƙe tawada, sannan a goge wuraren da ake son haske. Wasu kofen a bar su baƙi da fari, wasu a shafa musu launi da hannu a ƙara kuɗi. Akan jera su a tagar shago, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya tsaya a titi ya yi dariya kyauta.

Zanen ɗaya ne cikin jerin da kamfanin ya fitar a 1774 da 1775 kan rikicin Amurka. A ciki akwai wanda ke nuna mutanen Boston sun shafe jami'in kwastan John Malcom da kwalta da gashin tsuntsu suna ɗura masa shayi. A lura da bambancin: maza masu bore an zana su a matsayin abin tsoro, mata kuwa abin dariya.

Masu goyon bayan Amurka fa, yaya suka zana mace?

Nan abin ya fi ba ni haushi. Su ma ba su zana matar da ke kaɗi ko wadda ta hana baƙo shayi ba. Mace a wurinsu alama ce kawai.

Dubi zanen da ya fito a mujallar London Magazine a 1774, mai take da ma'anar "Ƙwararren Likita", wanda Paul Revere, wani mai sassaƙa zane ɗan gwagwarmaya, ya kwafa ya buga a Boston a watan Yuni na shekarar. An zana Amurka a matsayin mace 'yar asalin ƙasar, rabin jikinta a waje, an danne ta a ƙasa. Lord Mansfield, babban alƙali, ya riƙe hannayenta. Lord Sandwich, wanda ya yi ƙaurin suna wajen neman mata, ya riƙe ƙafafunta yana leƙa ƙarƙashin zanenta. Lord North na ɗura mata shayi daga buta, takardar dokar rufe tashar Boston na leƙowa daga aljihunsa. Britaniya, ita ma a siffar mace, ta kau da kai ta rufe fuska, Faransa da Sifen na gefe suna kallo. Abu ɗaya da aka bar wa Amurka ta yi shi ne ta feso shayin a fuskar North.

Wani zanen na 1776 ya nuna uwa da 'ya suna dambe: Ingila cikin ado da tulin gashi tana barazanar tilasta biyayya, Amurka da gashin tsuntsu a ka tana kiran 'yanci.

Sai ka ga mace ta dace ta zama ƙasa sukutum, a ci zarafinta don a tayar da hankalin maza su tashi kare ta. Amma mace mai suna, mai alƙalami, wadda ta yanke shawara da kanta, sai a zanen abokan gaba take fitowa, a can ma don a yi mata dariya. Ga wani abin kuma: Turawan da ke ƙwace filayen 'yan asalin ƙasar su ne suka ari siffar matarsu suka yi tutar neman 'yanci da ita.

Babu ko hoto ɗaya da ya mutunta su?

Wanda aka fi kawowa shi ne na John Singleton Copley na 1773, hoton Thomas Mifflin da matarsa Sarah Morris, 'yan Filadelfiya, wanda ke gidan adana zane-zane na birnin a yau. Sarah ce a gaba, tana saƙa geza a ƙaramar masaƙar hannu da ke kan tebur, ta zuba wa mai kallo ido. Mijin na baya da littafi a hannu, ita yake kallo. Da yawa na fassara masaƙar a matsayin goyon bayan saƙar gida. Fassarar na da ƙarfi tunda Mifflin na cikin masu adawa da harajin, ko da yake saƙar geza aikin hannu ne na matan masu hali, rigar da ke jikinta ma ba ta yi kama da saƙar gida ba.

Hoton ɗaki ne, ba na tagar shago ba, 'yan kaɗan ne suka gan shi a lokacin. Shi kuwa Copley, surukinsa Richard Clarke na cikin dillalan da aka aiko wa shayin da aka zubar a Boston. A 1774 ya bar Amurka, bai sake komawa ba.

Duk mata ne suka bi sahu?

Ina! Wasu na tare da sarki, wasu kuma abincinsu ne a ciki. Ame da Elizabeth Cuming, 'yan'uwa biyu marayu masu ƙaramin shago a Boston, sun ci gaba da sayar da kayan Ingila, aka buga sunayensu a jarida cikin masu karya yarjejeniya. Daga baya Nova Scotia, a ƙasar Kanada ta yau, suka koma. An kuma riƙa manna takardu a gari, kamar wadda ta ambaci ɗan kasuwa William Jackson tana kiran 'ya'yan 'yanci maza da mata kada su sayi ko abu ɗaya a wurinsa. Ƙauracewar akwai son rai a cikinta, akwai kuma tsoron maƙwabta.

Ta yi tasiri a kan Birtaniya?

A aljihu, ƙwarai. Kayan da Niyok ta shigo da su daga Ingila sun faɗo daga sama da fam 480,000 a 1768 zuwa kusan fam 75,000 a 1769. A 1775 cinikin ya kusa tsayawa cak, duk da cewa yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu ya taimaka. A siyasa kuwa sakamakon gauraye ne: a 1766 koken 'yan kasuwar Ingila ya taimaka wajen soke Dokar Hatimi, amma a 1775 Landan soja ta ƙara turowa.

Masu masana'antun Ingila ma ba su bar garaɓasar ta wuce su ba. Akwai butocin shayi da aka ƙera a Ingila, aka rubuta musu taken adawa da Dokar Hatimi a jiki, aka sayar wa Amurkawa. Ɗaya na ajiye a gidan tarihi na Smithsonian.

Bayan an sami 'yanci, an saka wa matan?

Ba da ƙuri'a ba. A ranar 31 ga Maris 1776 Abigail Adams ta rubuta wa mijinta cewa su tuna da mata a sababbin dokokin da za su tsara, ya mayar da abin wasa. A 1780 Esther Reed ta jagoranci matan Filadelfiya suka bi gida gida suna tara kuɗi don sojoji, George Washington, babban kwamandan sojojin, ya nemi a ɗinka riguna da su, aka ɗinka sama da dubu biyu. A wancan zamanin jihar New Jersey kaɗai ta bar mata masu dukiya suka yi zaɓe, ita ma ta janye a 1807. Sai a 1920 kundin tsarin mulkin Amurka ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a don yana mace, shekara 146 bayan takardar Edenton.

A garin Edenton akwai abin tunawa da matan, an kafa shi a farkon ƙarni na ashirin kusa da dandalin tsohuwar kotu. Butar shayi ce ta tagulla, an ɗora ta a kan bakin igwa.